Mu da Farfesa Lawan a Kan Gonar Jami'a

Azumin bana a tsakiyar bazara ya same mu. Kafin hantsi ya ɗaga iska ta tsaya cak, ganyen mangwaron tsakar gidana ko motsi ba ya yi, kaji sun saki fukafukai sun lafe a gindin randa suna haki. Nakan jiƙa mayafi in lulluɓa in kwanta a kan siminti, kafin in gyara kwanciya ya bushe. Jikokina suna ta mita wai ba a taɓa zafi irin wannan ba. Ni kuwa na san an taɓa yi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan azumi ya faɗo daidai wannan lokaci, muna ɗalibai a gonar jami'armu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Bana na tuna shi fiye da kowace shekara, kuma ba zafin kaɗai ne ya tuna mini ba.

Sunana Saude. Aikin malamar gona na yi har na ajiye, aure kuma ya zaunar da ni a Bunkure, don haka duk cikin 'yan ajinmu ni na fi kusa da gonar. In zan je Kura ta gabanta nake wucewa, a kan idona ta lalace. Da farko motar ɗalibai ce ta daina zuwa. Sai kacalla, doguwar ciyawar nan mai toshe ruwa, ta cinye ƙaramin kanal ɗin da ke shayar da ita. Iska ta yaye kwanon ɗakunan da muka zauna a ciki, ba wanda ya zo ya mayar. A can cikin jami'a kuwa ana ta ginin wata ƙatuwar ƙofa mai fitilu da sabon ofishin shugaba. Ana gab da kama azumi labari ya fito cewa shugaban jami'a ya amince a ba wani kamfani hayar filin na shekaru masu yawa, zai gina rumbunan ajiye kaya.

Zauren da mu tsofaffin ɗalibai muke hira a waya ya hargitse. Wasu suna cewa a tafi gidan rediyo, wasu suna cewa a kai ƙara majalisar gudanarwa a cire shi. Masu ƙorafi kan ɗakunan gwaji da suka zama kango suka kawo nasu, masu ƙorafi kan malaman da suka gaji suka bar aiki su ma suka kawo. Mu 'yan tsangayar noma abin ya fi yi mana ciwo, domin shugaban ba baƙo ba ne. Farfesa Lawan ɗan ajinmu ne. Ranar da aka rantsar da shi anko muka yi muka cika mota, ni da bakina na rangaɗa guɗa a ɗakin taro.

Lawan Tsinke muke ce masa a lokacin, saboda rashin jiki. Ga baki kamar ya haɗiyi rediyo.

A zamaninmu ɗalibin noma ba ya kammalawa sai ya yi rani guda a wannan gona. An kawo mu cikin sanyi, muka yi alkama, muka yi tumatir har hannuwanmu suka rine. Malaminmu, Malam Isyaku, Allah ya jiƙansa, yana da wani fili a gefe da ya fi ƙauna fiye da komai. Ya yi shekaru yana zaɓen irin shinkafar da za ta jure zafin bazara. A lokacin shinkafa a nan abar damina ce, manoma dariya suke yi in sun wuce suka ga muna dashe a rani. Ɗan irin da ya rage masa a sito ƙwari sun gama da shi, saboda haka duk wahalar shekarunsa tana tsaye a wannan fili guda.

Aka kama azumi, shinkafa ta fara ɗaukar ciki, sai abu biyu suka faɗo mana a mako ɗaya. An yi hatsaniya a cikin jami'a aka rufe ta, aka ce kowa ya tafi gida, motar da ke kawo mana abinci ta daina zuwa. Sannan gefen kanal ɗinmu, wanda gafiyoyi suka daɗe suna rarakewa, ya ɓalle. Ruwa ya kwarare cikin kwari, ma'aikatan ruwa suka rufe ƙofa daga sama suka ce ba za su buɗe ba sai an toshe.

Malam Isyaku ya tara mu a gindin darbejiya. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "An ce ku tafi gida, ni kuma ba ni da ikon riƙe kowa. Abinci ba ni da shi da zan ba ku. Ni dai ina nan."

Kowa ya koma kallon jakarsa. Sai Lawan ya miƙe yana kaɗe wando.

"Malam, in aka bar ta kwana nawa za ta yi?"

"A wannan ranar? Ba za ta kai Juma'a ta sama ba."

"To ni ban iya komawa gida in ce wa tsohona na karanta noma, alhali na bar shinkafa da ciki ta mutu da ƙishirwa. Mai tafiya Allah ya kiyaye hanya."

Da yawa sun tafi, kuma ba wanda ya ga laifinsu, kowa ya san gidan da ya fito. Mu da muka rage ba mu kai ashirin ba. Mata mu biyu ne, ni da ƙawata Binta. Babana da ya ji labari ya taso a kan keke tun daga Dawakin Kudu da niyyar ya tasa ni gaba. Ya tsaya a bakin filin ya daɗe yana kallo, ya tsuguna ya zura yatsa cikin tsagar ƙasa, ya miƙe. Ya ce, "Ba za ku kwana a nan ba, babu matan malamai babu kowa." Ya shiga ƙauyen da ke kusa ya damƙa mu a hannun wata dattijuwa, Iya Hajara, ya sauke mana ƙullin gero daga bayan keke, ya juya ya tafi. Bai ce in zauna ba, bai kuma ce in biyo shi ba.

Yininmu iri ɗaya ne kullum. Iya takan tashe mu sahur da ɗumamen tuwo in ya kwana, in bai kwana ba mu jiƙa garin rogo mu marmasa ƙuli-ƙuli. Ana sallame asuba mu kama hanya da bokitai, ƙasa da sauran ɗan sanyi a tafin ƙafa. Babban kanal yana da ruwa, amma da tazara tsakaninsa da filin. Sai mu jeru, wannan ya miƙa wa wannan, bokiti ya tafi cike ya dawo wayam. Rabinmu suna layin ruwa, rabi suna cika buhuna da ƙasa a wurin da ya ɓalle. In ka juye bokiti a gindin shinkafa ƙasa ta zuƙe shi nan take, kamar ba a zuba komai ba.

Yunwa ba ta dame ni kamar ruwan nan ba. Ka wuni kana ɗaukarsa, yana fantsama a ƙafarka, yana zubo maka ta gwiwar hannu, kana jin sanyinsa da ƙamshin laka, maƙogwaronka kuwa kamar an zuba toka. Binta takan rufe ido in za ta karɓi bokiti. Na tambaye ta dalili ta ce, "In na kalle shi kirana yake yi."

Rana na take tsaka mu watse. Mazan su zube a ƙarƙashin darbejiya kamar an yi yaƙi, mu kuma mu koma rumfar Iya. Ba barci ake yi ba, kwanciya ce kawai. Leɓe ya tsage, harshe ya yi kauri, tafin hannu ya yi kanta ya fashe ya sake yi. Ƙurajen zafi suka feso mana a wuya da baya. Ko ƙudaje a wannan lokaci ba sa tashi da ƙarfi. Da la'asar a sake jeruwa, sai rana ta yi ja mu ajiye bokiti.

Shan ruwa a ƙofar gidan Iya ake yi, mu da mazan da Malam gaba ɗaya. Kunun tsamiya take damawa a babbar ƙwarya. Kwanakin farko sai ka sa ludayi ya tsaya, da gero ya ja baya kunun ya riƙa tsinkewa, har ya zamana kana hango gindin kofi. Habu, wani ɗan ajinmu mai barkwanci, ya ɗaga nasa wata rana ya ce, "Iya, wannan kunun ne ko gaisuwar kunu?" Ta ce, "Sha ka gode Allah, ɗan nema, gobe gaisuwar ma sai an yi sa'a." Muka yi kwaɗon zogale har bishiyoyin ƙauyen suka koma sanduna. Muka ci ɗanyen mangwaro da gishiri haƙora suna mutuwa. Miyar kauɗa kuwa, busasshen tumatirin da muka shanya da hannunmu, har yau ba na son warinta. Abin da ya riƙe mu shi ne matan Fulanin da ke mashekari a bayan gonar. Muna ba su tattakar alkama don shanunsu, su kawo mana nono. Ranar da aka samu nono da ɗan dunƙulen fura, ranar sallah ce.

Bokiti yana hana shinkafa mutuwa ne kawai, ba ya rayar da ita. Ganyen ya fara naɗewa, bakinsa ya yi ja. Ramin kuma ya fi ƙarfinmu, duk buhunan da muka jera ko rabinsa ba su kai ba. Ranar Juma'a Lawan ya ari rigar Malam Isyaku, ta yi masa yawa kamar an rataye ta a ƙusa, ya tafi masallaci. Bayan an idar ya nemi izinin liman ya miƙe. Mu mata ba mu je ba, Habu ne ya ba mu labari. Ya ce Lawan bai ambaci jami'a ba ko sau ɗaya. Ce musu ya yi kanal ɗin nan shi ke shayar da albasarsu da masararsu, kuma ɗalibai sun gaji amma ba su gudu ba, hannu suke nema.

Washegari kafin rana ta fito muka ji kukan jakuna. Gayya ce ta taso, manoma da shebur da kwanon sarki, jakuna da mangalar marmara, tsofaffi da ba sa iya ɗauka suna zaune suna ɗaure bakin buhu. Kowa da azumi a bakinsa. Mu da matan ƙauyen muka koma ɗebo ruwan kwaɓa ƙasa. Zuwa la'asar an cike ramin, aka aika a buɗe ƙofa.

Ruwan ya taho da ƙarfi, yana turo kara da kumfa a gabansa. Da ya daki sabon gyaran sai buhunan tsakiya suka fara zamewa. Na ji wani dattijo ya ce, "Innalillahi, zai tafi!" Ban ga sanda Lawan ya faɗa ba, na dai gan shi ruwa iya ƙirji ya jingina baya da buhunan ya kafe ƙafa. Habu ya bi shi, samarin ƙauyen suka bi, suka yi sahu kafaɗa da kafaɗa, sauran suna zuba ƙasa suna kirɓawa ta bayansu. Sun daɗe a ciki. Da aka jawo Lawan jikinsa rawa yake yi duk da zafin nan, matsattsaku sun manne masa a ƙwauri, yana ta tofar da yawu kada ruwa ya wuce masa.

Muka bi ruwan da gudu har filin. Ban taɓa sanin ƙasa tana da murya ba sai ranar. Tsagogin nan suna sha suna ƙara kamar ana soya abu a nesa. Malam Isyaku ya zauna daɓas a kan kunya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana kallon ruwan har aka kira magariba.

Gefe guda na filin ya riga ya ƙone, bai tashi ba. Sauran ya farfaɗo, ya fidda kai. Ana saura kwanaki sallah, da yamma muna korar tsuntsaye, hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin. Iska mai sanyi ta bugo, ƙamshin ƙasa ya tashi, ruwan farko ya sauko manya-manyan ɗigo. Ba wanda ya nemi mafaka. Muka tsaya a ciki mun danne leɓe gam saboda azumi, muna dariya ta hanci, ruwa yana wanke mana ƙurajen wuya. Da na je gida sallah innata ta dube ni ta ce, "Wannan baƙar kuma daga ina?" Bayan sallah muka dawo muka yanke. Malam ya ware na gwaji, sauran ya raba wa waɗanda suka zo gayya. Ba zan ce mu muka kawo shinkafar rani ƙasar nan ba, hannaye da yawa ne suka yi. Amma in na bi hanyar Kura a bazara na ga kore shar hagu da dama, nakan gyara zama a mota.

Wannan Lawan ɗin ne aka ce ya sa hannu a ba da gonar.

Habu ne shugaban ƙungiyar tsofaffin ɗalibai yanzu, ya yi tumbi ya yi furfura, bakin dai yana nan. Ya kira ni ya ce, "Hajiya Saude, mutane sun matsa a tafi rediyo. Ke ce a kusa, me kika gani?"

Na ce, "Alhaji, in muka shiga rediyo shi ma zai shiga, a yi ta jifan juna, kamfani yana auna fili. Ku zo mu fara buɗe kanal ɗin. A yi taron a can, a gayyace shi ya zo ya same mu."

"Da azumi? Kin manta rabinmu da hawan jini da ciwon suga?"

"Mai iya lauje ya riƙe lauje, wanda bai iya ba ya riƙe lema."

Ranar Asabar cikin goman ƙarshe motoci suka cika bakin gonar. Wasu rabona da su tun muna ɗalibai, sai an faɗi suna ake rungume juna. Binta ta zo daga Kumbotso da sandarta. Abin da ban zata ba shi ne yawan matasan da suka zo, waɗanda suka gama a 'yan shekarun nan. Wata a cikinsu ta ce mini, "Mama, ni digirin noma gare ni, amma a hoto kawai na san wurin nan." Manoman da ke ƙasan kanal ɗin su ma suka fito, domin kacallar da ta kashe gonar jami'a ta daɗe tana rage musu ruwa. Wasunsu 'ya'yan mutanen waccan gayyar ne.

Yanzu akwai injin ban ruwa, akwai ƙanƙara a kula tana jiran magariba, akwai masu ɗaukar hoto da waya fiye da masu sara. Zafin dai shi ne na da. Manyan mutane suka naɗe wando suka shiga laka, a yi sara kaɗan a dafa ƙugu. Matasa da manoma su suka yi mai wuyar, mu muna janye abin da aka sare muna tarawa. Kacalla tana yanka hannu kamar reza, saiwarta kuma wari. Kafin la'asar an buɗe hanya siririya, ruwa ya fara rarrafowa.

Sai ga jerin motoci da jiniya. Farfesa Lawan ya fito cikin farar babbar riga, ya yi jiki, wani yana riƙe masa lema. Ya tsaya ya dubi kangon ɗakunan, ya dube mu da laka har gwiwa. Aka shimfiɗa tabarmi, ya ƙi kujerar da aka kawo masa ya zauna a ƙasa.

Habu bai yi kwana-kwana ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mu ji daɗin riƙonka ba. Mun yi murna da kai fiye da kowa, yau muna jin kunya a tambaye mu. An gina ƙofa, an bar abin da ake shiga ƙofar dominsa."

Farfesa ya saurara har aka gama, mutum bayan mutum. Sannan ya ce, "Na ji. Ku ma ku ji nawa. Da muka zauna a nan, wa yake tsoron a zo a kwashe ɗalibai a shiga daji da su? Yau in na kawo 'ya'yan mutane na ajiye a fili babu katanga, wani abu ya faru, wa za a kama? Ƙofar da kuke zagi, wanda ya ba da kuɗinta ƙofa ya ce a gina, bai ce gona ba. Wutar lantarki kaɗai tana neman durƙusar da mu. Hayar nan da ita na so in gyara ɗakunan gwaji. Kuna gani daga waje ne, ni nake kwana da abin."

Maganarsa da gaskiya a ciki. Bakin nan nasa bai tsufa ba. Na ji in ba a yi wasa ba zai tashi da mu gaba ɗaya, sai na gyara mayafi na ce a ba ni dama.

Na ce, "Farfesa, ba mu ce kujerarka da daɗi ba. Tsoron da ka faɗa mu ma muna da jikoki, mun san shi. Amma shekara nawa kana kai, ka taɓa kiranmu ka ce ga abin da ya fi ƙarfinka? Ka taɓa zuwa ka zauna da dagacin nan da manoman nan ka ce a taya ka tsaron yara? A waya muka ji za a ba da gonar, kamar baƙi. Dubi mutanen nan. Kira ɗaya aka yi, da azumi, suka zo. Kai ba ka kira ba. Abin da ya ɓata mana rai ke nan."

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa da ya cire.

Al'adar ƙungiyarmu ce duk shugaban jami'ar da zai sauka a yafa masa alkyabba a taron shekara, a ce an gode. Wa'adin Lawan bana zai ƙare. Habu ya ce tunda ga jama'a ga shi, gara a yanke a gabansa da a yanke a bayansa. Wanda yake ganin a riƙe alkyabbar har sai an janye maganar haya an dawo da ɗalibai, ya ɗaga hannu.

Hannaye suka tashi, na matasa da sauri, na 'yan ajinmu a hankali. Nawa ya yi mini nauyi kamar ba nawa ba. Na ɗaga shi. Lawan ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya, ya zo kaina ya tsaya.

Ana haka aka kira sallar magariba daga ƙauye. Masu tsaronsa suka buɗe masa mota, ya yi musu alama da hannu su dakata. Aka miƙa masa dabino da kofin kunu ya karɓa. Da aka idar da salla, ina tattara kofuna, ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Har da ke, Saude?"

"Har da ni, Farfesa."

Ya gyaɗa kai ya shiga mota.

Bayan sallah majalisar gudanarwa ta dakatar da maganar haya. Dakatarwa aka ce, ba sokewa ba, don haka idonmu yana kai. Rufin ɗakunan mu muka haɗu muka mayar. Dagaci ya ba da 'yan sintiri. Da damina ta sauka motar jami'a ta fara kawo ɗalibai, su yi yini su koma, ba su fara kwana ba tukuna. Ranar da na fara ganinta ta karyo kwanar gonar, na sa direba ya tsaya na sauka, na tsaya a bakin hanya ina kallon yara suna cire takalma suna ihun sanyin laka. An buɗe ƙatuwar ƙofar nan da biki, ba mu je ba. Alkyabbar tana nan a gidan Habu cikin leda. Wasu sun ce a ba shi tunda ya sassauto, wasu sun ce sai ɗalibai sun yi rani guda cur a gonar. Ni ina cikin na biyun.

Kwanan baya na aurar da autata. Ban aika masa ba, don ban san da wace fuska zan aika ba. Bayan an ɗaura, gida ya cika da mata, sai maigidana ya leƙo ya ce in fito zaure ana sallama da ni. Na tarar da Lawan zaune a kan tabarma shi kaɗai, babu jiniya babu mai lema. Muka gaisa, ya yi wa amarya addu'a, ya tambayi ciwon gwiwata.

Sannan ya ce, "Kin san har gobe ina ganin ba ku yi mini adalci ba."

Na ce, "Na sani. Mu ma har gobe muna ganin ba ka yi wa gonar ba."

Ya yi dariya har yana tari. "To na ji. A kawo mini abinci, tun safe nake hanya."

Na koma ciki na zuba masa da kaina, na cika kwano, na zaɓo masa tsoka mai kyau na ɗora a kai. Hannun da na ɗaga kuwa har yau ban sauke shi ba.